Mutumin da Ya Zaɓi Ya Zo Na Ƙarshe

Da an sallame sallar asuba, tun masu shaguna ba su buɗe ƙofa ba, mutanen layin sukan ji wani gurnani a kan kwalta, kamar ana jan buhun tsakuwa. Ba mai leƙowa, kowa ya san ko mene ne. Mai facin bakin mahaɗa ne ya ɗaura igiya a ƙugu, yana jan tsohuwar tayar mota zuwa hawan da ke bayan makarantar firamare. Yakan hau, ya sauko, ya sake hawa, har rigarsa ta manne masa a baya, leɓɓansa kuwa ba sa rabuwa da ambaton Allah. Idan rana ta fito sai ya kwance igiyar, ya watsa ruwa, ya ta da injin iska, ya cika rabin duron da yake tsoma tiyub a ciki don gano huji, ya zauna jiran abin da Allah zai kawo.

Duk wannan wahala shiri ne na yini guda a shekara. Akwai tseren gudu na kilomita ɗari da ake yi a yankin, a tashi da hudowar alfijir, a rufe ƙofa da faɗuwar rana. A cikin ɗaruruwan da ke fita, akwai mutum guda da ba a ba shi lambar shiga tsere, ba ya neman kyauta. Aikinsa shi ne ya bi bayan mai gudu na ƙarshe, kada a bar kowa shi kaɗai a daji, kuma doka ta hana shi wuce kowa. Mai facin ne ya riƙe wannan aiki sama da shekara ashirin. 'Yan gudu suna kiransa Baban Baya. Masu zaman bakin titi kuwa Kurar Baya suke ce masa.

Direbobin tasi da ke jiran faci ba sa gajiya da tsokanarsa.

"Baba, bana na nawa ka zo?"

"Na ƙarshe, da yardar Allah."

"To a ƙara jan taya. Ka sani ko baɗi ka zo na biyun ƙarshe!"

"Ranar da ka ji na zo na biyun ƙarshe, ka zo ka yi mini jaje," in ji shi, bai ko ɗago daga tayar da yake kwancewa ba. "Na baro ɗan wani a daji ke nan."

Masu dariyar ba su san cewa a ƙuruciyarsa yana cikin waɗanda ake jira a sahun gaba ba. Shi da bakinsa yake cewa sauri bai taɓa ba shi wuya kamar jinkiri ba. Ka yini kana tafiya da takun wani, ƙafarka na neman ta miƙe kana hana ta, ka tsaya idan ya tsaya, ka tashi idan ya tashi, wannan ke cin gwiwa, ya ci zuciya. Ƙarfin cinya a taya ya same shi, jure rana kuma a fitar da yake yi da tsakar rana ɗauke da jaka mai ruwa da gishiri da sukari da bandeji da safa. Amma haƙurin, a bayan yayansa ya koye shi. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama yayan, kullum da la'asar shi ke raka shi masallaci. Ba ya shiga gabansa, ba ya riƙe shi sai ya nema. Tafiyar da yaro zai yi kafin a gama kiran salla, su sai an tayar da iƙama suke isa. A nan ya gane lokacin da mai rauni ke son a yi masa magana, da lokacin da yake son kawai ya ji takun mutum a bayansa.

Mai ɗakinsa, wadda ita ta ɗinka masa jakar, takan ce, "Mazan mutane su je gudu su dawo da kofi, ni nawa sai ya dawo mini da ƙattin da suka gaji in dafa musu ruwan zafi." Tana faɗa tana cusa masa ƙarin safa a jakar.

Bana shugaban kwamitin tseren ya zo har rumfar facin, ya zauna a kan benci. Mutum ne mai mutunci, kuma bai zo da wulaƙanci ba.

"Baba, likitanmu ya ce gwiwarka ta hagu ta gama aiki. Wannan ne tserenka na ƙarshe. Mun samu mota mai sanyi da ma'aikacin jinya a ciki, daga baɗi ita kaɗai za ta bi baya."

"Ranka ya daɗe, gwiwar ban musa ba, ni nake kwana da ita. Motar ma alheri ce, a kawo ta. Amma kada a cire mai tafiya a ƙasa."

"Me mai ƙafa zai yi wanda mota ba za ta yi ba?"

"Mota ɗauka ta iya. Wanda jikinsa ya ƙare da wanda tsoro ne kawai ya zaunar da shi, duk ƙofa ɗaya za ta buɗe musu. Shi mai gajiya kuwa, in ya ga kujera mai laushi, ko rantsuwa ya yi wa uwarsa sai ya shiga."

Shugaban ya ce, "To wa zai gaje ka? Shekara nawa muna cigiya? Kowa so yake a kira sunansa a lasifika. Kawo mini mutum ɗaya da zai yarda ya sha wannan horo don ya zo na ƙarshe da gangan, ni kuma in bar gurbin. In ba ka kawo ba, an rufe shi."

"Na ji. Allah ya nuna mana."

Ya nema bai samu ba. Matasan da ya tuntuɓa, wasu suka yi dariya, wasu suka ce sai sun yi shawara, ba su sake biyowa ta mahaɗar ba. Haka ranar tsere ta zo, ya ɗaure gwiwar da bandeji, ya saɓa jakarsa, motar tana biye da shi a hankali.

Direban motar ya shaida abin da ya faru bayan azahar. Sun cimma wani saurayi ƙaƙƙarfa yana tangaɗi, yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Baban Baya ya taɓa goshinsa ya ji shi a bushe, babu gumi, ya tambaye shi sunan mahaifiyarsa, saurayin ya tsaya yana lalube. Nan take ya riƙe shi ya kira ma'aikacin jinya.

"Baba, ka sake ni, zan iya!"

"Za ka iya baɗi. Yau mota za ka shiga, ko kana so ko ba ka so."

Gaba kaɗan, a kan wata gada, suka tarar da mai gidan burodin kasuwa zaune ya jingina da ƙarfe, ya cire takalmi ɗaya. Mutum ne mai jiki, ya haura hamsin, likita ne ya tura shi motsa jiki har abin ya shiga ransa. Sau biyu yana shiga tseren, sau biyu yana ajiyewa a kan wannan gadar. Direban ya tsaya ya buɗe ƙofa, sanyin motar ya bugo shi, mai burodin ya fara jan jiki wajenta.

Baban Baya ya durƙusa da ƙyar, ya duba idonsa da harshensa, ya ga gumi na tsattsafo masa yadda ya kamata.

"Mai Burodi, nawa kake sayar da babba?"

"Haba Baba, ina mutuwa kana taya burodi?"

"Mai mutuwa ba ya tsiwa. Miƙo ƙafar nan."

Ƙafar ta yi bororo a dunduniya. Ya wanke ta, ya shafa magani, ya naɗe ta tsaf kamar yadda yake liƙe tiyub, ya sa masa sabuwar safa, ya ba shi ruwa mai gishiri da sukari. Bai ce masa ya tashi ba. Sai ya zauna a gefensa, ya miƙe ƙafarsa ta hagu, wadda ta kumbura har bandejin ya nutse a ciki.

Mai burodin ya kalle ta. "Subhanallahi! Baba, kai ne ya kamata ka shiga motar nan."

"Ba ni da izini. Matuƙar akwai mai lamba a kan hanya, ina bayansa. In ka shiga mota, sai in bi na gaba. In ka zauna, ina zaune. Sai dai ka sani, gwiwar nan in ta huce ba ta sake lanƙwasawa. Saboda haka duk abin da za ka yi, yi shi da wuri."

"Ko na tashi ba za mu isa kafin a rufe ba."

"Ba za mu isa ba."

"To amfanin me?"

"Ni ban sani ba, kai ka sayi lamba. Abin da na sani, sau biyu gadar nan tana korar ka gida. In ta yi na uku, ko a mota ka biyo ta kanta sai ka sunkuyar da kai. Ka taka zuwa wancan turken wayar, in ka ga ba za ka iya ba, ga mota, ba inda za ta."

Direban ya ce shi dai ya ga mai burodin ya ɗaure takalmi yana ƙunƙuni, ya miƙe, ya juya ya miƙa wa dattijon hannu ya tashe shi. Suka kai turken, suka wuce na gaba. Suka yi la'asar a gefen hanya, Baban Baya a zaune don gwiwar ta ƙi sujada. Daga nan har ƙarshe bai ƙara cewa uffan ba. Mai burodin ya ce abin da ya riƙe shi kawai shi ne wannan taku mai ɗingishi a bayansa, duk sanda ya so tsayawa sai ya ji kunyar tsayar da shi.

Sun iso ana kiran magariba. An sauke tutoci, an naɗe lasifika, ana loda kujeru. Ba a rubuta sunan mai burodin cikin waɗanda suka kammala ba, doka ce, kuma ba wanda ya nemi a karya ta. Ya taka layin da aka shata a ƙasa, ya faɗi ya yi sujada yana kuka. Baban Baya ya tsaya taku ɗaya kafin layin har sai da mutumin ya ɗago, sannan ya tsallaka, na ƙarshe kamar kullum. Shugaban kwamitin ya rungume shi, amma bai janye maganarsa ba. Sharaɗi na nan yadda yake.

Bayan 'yan kwanaki, Baban Baya yana zaune a rumfa ƙafar na kan benci, sai ga mai burodin yana tafiya kamar mai taka ƙaya.

"Baba, taya nake so."

"Ta wace mota?"

"Wadda ta mutu. Da igiya."

Dattijon ya dube shi. "Ka san ba lamba, ba kofi? Ka san abin da direbobin nan za su riƙa kiranka?"

"Ai ni dama na ƙarshen nake zuwa, Baba. Gara in je da dalili."

Ya zaɓo masa taya mafi nauyi a cikin tarin, ya ce, "Wannan ta safe ce. Da la'asar kuma ka zo, kai za ka raka Yaya masallaci. In ka shiga gabansa ko sau ɗaya, ka dawo mini da igiyata." Shugaban kwamitin ya cika alkawari, gurbin na nan.

Baban Baya, kai ne ka ƙi yarda cewa darajar tafiya tana wurin wanda ya riga isa kaɗai. Malamanmu sun karantar da mu cewa shugaban ayari na ƙwarai yakan koma baya don ya kula da mai rauni. Mun karanta, mun karantar, kai kuwa ka yi shi da gwiwarka har ta ƙare. An yi maka dariya shekara da shekaru, ba ka nemi a daina ba, ba ka kuma sauya wuri ba. Masu cewa ba ka taɓa cin tsere ba su je su tambayi iyayen da 'ya'yansu suka kwana a gida saboda kai. Mun gode. Allah ya ba gwiwarka lafiya, ya saka wa mai ɗakinka da alheri, ya sa ranar da kowa zai yi ta kansa ka sami mai tsaya maka.

Mu kuma da muka saura, kowannenmu ya waiwaya. A gida, a makaranta, a wurin aiki, akwai wanda ke zaune a kan gadarsa ya cire takalmi ɗaya. Sai a samu wanda zai rage sauri dominsa.

Yanzu da asuba mutanen layin suna jin gurnanin taya kamar da, sai dai mai jan ta ya sauya. A bayansa kuwa akwai wani dattijo da sanda, yana ɗingishi, yana tasbihi, kuma har yau bai wuce shi ba.