Murfin da Na Ɗaga Daga Ƙasa

Shekaru na yi ina aiki a sashen yara na wani mathaf a Khartum, gidan da ake ajiye tsirrai da ƙwari da duwatsu don mutane su zo su gani. Dokarmu ɗaya ce. Abin da ke cikin gilashi na kallo ne kawai, abin da ke kan teburina kuwa a taɓa shi, a sansana, a ɗanɗana. Ina ji da kaina a kan teburin nan, ba zan ɓoye ba. Na san sunayen ganyaye da Larabci da yadda suke a littafi, kuma wanda ya ja da ni a kan tsiro sai ya gaji ya bari. Amma fartanya ko sau ɗaya ban taɓa riƙewa ba.

Yaƙi ya kore mu zuwa Madani, daga can ya sake koro mu zuwa Gadarif. Aka sauke mu a wata makaranta a gefen gari, iyali uku a aji ɗaya, zanen gado ne ya raba mu. Maƙwabciyata ta bayan zane mace ce da muka shigo mota ɗaya daga Madani, ita da 'yarta mai shekara bakwai. Mijinta ya fita neman gari wata safiya, har yau babu labarinsa. Yarinyar nan ita ce kaɗai abin da ta fito da shi. Tukunyarmu ɗaya, kuma tun a hanya take ce min Yaya.

Yaran makarantar ba su da abin yi sai zaman jigum. Ko kwano ne ya faɗi sai ka ga sun nutse ƙarƙashin benci. Abin ya ishe ni. Na haɗa benci biyu a ƙarƙashin rumfa, na roƙi murafun gwangwanin madara gida gida, na ce daga yau muna da mathaf. Muka jera zangarniyar dawa, ƙaro, tsamiya, aduwa, 'ya'yan kuka da zoɓo. Muna danne ganye tsakanin kwali biyu da bulo har ya bushe. Gilashi babu, don haka doka ta zama guntuwa: duk abin da ke kan teburin Ustaza, wato ni malamarsu, ana iya sa shi a baki. Ni na koya musu haka, na sa suka haddace.

Mai kawo mana kaya wani dattijo ne, Bahaushe ɗan'uwanmu, wanda ya ƙare rayuwarsa yana ƙwadago a manyan gonakin wajen Ƙala'at an-Nahal. Baba nake ce masa. Lokacin yankan riɗi ne, sai na roƙe shi ya kawo min irin riɗi kala-kala, da duk abin da ake samu a cikinsa, yara su gani. Ya zo da sassafe ina layin ruwa, ya ajiye ya wuce. Da na dawo na tarar da murafu uku a kan tebur, fari da ja da mai ƙasa-ƙasa. Na huɗu kuwa yana ƙasa, jikin ƙafar benci, da wasu 'ya'ya masu duhu, sun ɗan fi riɗi girma.

Na yi tsaki. Na ce a raina tsofaffin nan ba su san tsari ba, ga wuri a kan tebur amma ya watsar min da kaya a ƙasa. Na sunkuya na ɗaga murfin, na hure ƙurar, na sa shi a layi. Na yanki kwali na rubuta baƙin riɗi na jingina masa.

Da hantsi yara suka taru. Suka ɗanɗana fari, suka ɗanɗana ja, ana ta dariya ana gardamar wanne ya fi maiƙo. Da aka zo kan na huɗu, biyu suka taɓa da harshe suka tofar, suka ce ɗaci, sauran suka ƙi. Ni kuma bakina da ba ya shiru, na ce kai, raggwaye, mai son sanin tsiro ba ya tofarwa tun bai tauna ba. 'Yar maƙwabciyata ba ta taɓa musa min magana ba. Ta ɗiba da yatsu uku, ta tauna tana yamutsa fuska, ta haɗiye, ta dube ni tana jiran yabo. Na kuwa yaba mata a gaban kowa.

Kafin azahar na ji hayaniya a ajinmu. Na leƙa na ga yarinyar zaune a kan tabarma tana tsintar wani abu a iska, abin da babu. Fuskarta ta yi ja, jikinta zafi rau amma ko ɗigon gumi babu. Tana magana ba kai ba gindi, tana cewa ga sojoji nan suna fitowa daga bango. Uwarta ta kira sunanta, ta dube ta kamar ba ta taɓa ganinta ba. Mata suka cika ɗakin. Wata ta ce iska ce, wata ta ce firgitar hanya ce sai yau ta taso. Aka kunna turare, aka aika a kira malami ya yi mata ruƙiya. Ni ma haka na ɗauka, wallahi. Na fita zuwa rumfa in ɗauko kwali in yi mata fifita.

A nan na tarar da Baba tsaye a gaban tebur, ya dawo ya ji ko kayan sun yi. Bai amsa gaisuwata ba. Ya nuna murfin na huɗu da sandarsa.

"'Yata, wa ya ɗora wannan a sama?"

Na ce ni ce, ai a ƙasa ya manta shi.

Ya ce shi bai manta komai ba. Ya ce zaƙami ne, wanda Larabawa ke kira sakaran, tsince shi suke yi daga riɗi in ana rairaya don kada ya lalata buhu. Ya kawo ne in nuna wa yara su san shi su guje shi. A gona, in ji shi, abin ci ake ɗagawa sama, abin da aka ajiye a ƙasa kuwa ko yaron goye ya san ba na baki ba ne. Bai taɓa tunanin mai ilimi irina tana bukatar a faɗa mata ba. Sai ya tambaya ko wani ya ci.

Zaƙami. Na san shi sarai. Na san farin furensa mai kama da ƙaho, na san ganyensa a manne jikin takarda a cikin gilashi, na san abin da littafi ya ce yana yi wa mutum. 'Ya'yansa ne kawai ban taɓa gani a waje da ɓawonsu ba. Na dafa benci. Ina jin kukan uwar daga nesa kamar daga cikin rijiya.

Tsakanin rumfa da ajinmu bai kai taku talatin ba. Na yi tafiyar nan, na tsaya a bakin ƙofa, kuma a nan ne abin da nake jin kunyarsa ya faru. Na yi shiru. Ɗakin mata ne, Baba ba zai shiga ba. Kowa ya riga ya yarda iska ce. In na rufe bakina babu mai ɗora min laifi, wataƙila ma abin ya sake ta da kansa. In na buɗe kuwa, ni ce baƙuwar da ta ba 'yar mutane guba da hannunta, a wurin da ba ni da kowa. Tsoro biyu ne suka riƙe ni, kuma na kaina ya kusa fin ƙarfi. Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba. Abin da na sani, na ga yarinyar tana ƙoƙarin haɗiyar yawu ta kasa, leɓɓanta sun bushe sun tsage, baƙin idonta ya buɗe ya cinye ƙwayar gaba ɗaya.

Na ratsa matan na durƙusa gaban uwar.

"Ba iska ba ce. Zaƙami ta ci a teburina, ni na sa ta ci. Tashi mu tafi asibiti yanzu."

Wata tsohuwa ta fara salati. Uwar ta saɓi 'yarta a kafaɗa ta fita ko takalmi babu. Baba ya riga ya tsayar da raksha, keken haya mai ƙafa uku, a bakin hanya, ya miƙo min murfin. Muka shiga mu biyu, yarinyar a kan cinyoyinmu tana fizge-fizge, ni riƙe da murfin a cikin mayafina. Hanyar baƙar ƙasa ce da ta bushe ta dare bayan damina, raksha sai tsalle take yi. Duk tsalle ɗaya sai in sa hannu a ƙirjinta in ji zuciyar tana gudu kamar ta tsuntsu. Ina ta addu'a, amma ko ɗaya ban iya kai ta ƙarshe ba.

Asibitin a cike yake, har a baranda an kwantar da mutane. Wani likita matashi ya dubi murfin, ya dubi idon yarinyar, ya tambayi yaushe ta ci da kuma nawa. Na nuna masa da yatsuna uku. Ya ce da mun ƙara ɓata lokaci da maganar ta canza, yanzu ma sai dai a yi abin da za a iya a jira. Aka ɗura mata wani baƙin ruwa, aka sa mata ƙarin ruwa a hannu, aka ɗaure hannun da tsumma don kada ta fizge. Aka ce mu dinga shafa mata ruwan sanyi. Na aika a duba yaran biyu da suka tofar, aka ce bushewar baki ce kawai ta same su.

Kwana biyu muka yi a bakin gadon nan, ita a dama ni a hagu. In na matse tsumma na miƙa mata takan karɓa, amma ba ta duban fuskata. Ba ta zage ni ba, ba ta yi min kuka ba. Da ta mare ni da na fi samun sauƙi. Duk lokacin da numfashin yarinyar ya canza sai in fara tunanin da wane baki zan yi wa matar nan ta'aziyya.

A rana ta uku da hantsi yarinyar ta buɗe ido. Ta daɗe tana lalube da kallo, don har lokacin ba ta gani sosai. Sai ta kira uwarta da Larabci ta ce, "Yumma, ruwa." Uwar ta ba ta a hankali, cokali cokali, ta gyara mata kwanciya har ta koma barci. Likita ya zo ya duba ya ce ta tsallake. Na fita baranda na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun barinmu Khartum.

Can sai ga uwar ta fito ta tsaya a kaina. Muryarta a kwance take, babu faɗa a ciki.

"Ustaza, na gan ki lokacin da kika tsaya a bakin ƙofa. Na ga kin san wani abu, na kuma ga kina shawara."

Ta ci gaba da magana.

"Kin faɗa, Allah ya saka miki, don da kin yi shiru da na rasa ta. Zaƙamin na yafe, kuskure ne. Tsayuwar nan ce ban san yadda zan yi da ita ba."

Ta koma ciki wajen 'yarta. Da aka sallame su, ta roƙi a canza musu aji, aka mayar da su can ƙarshen makarantar. In mun haɗu a layin ruwa tana gaishe ni, ta tambayi lafiyata, tana riƙe da hannun yarinyar gam har mu rabu.