Tamaki Ya Je Kai Ƙara da Kwalin Alewa

Shekara talatin ina aski a Amagasaki ban taɓa yankan kunnen kowa ba, amma na taɓa farke ambulan da ba nawa ba. A akwatin wasiƙuna na tsince shi, na ɗauka takardar kuɗin wuta ce, na tsaya a matakala ina karantawa ina tsaki. Sai a layi na uku na ga sunan Tamaki Nobuo. Shi yana ƙofa ta 304, ni ina 403.

Tamaki gyaran takalma yake yi da yankan makulli a wata 'yar rumfa ƙarƙashin tashar jirgin ƙasa. Irin mutumin nan ne da in ka manta canjinka zai biyo ka da gudu. Lokacin da aka kai mahaifiyarsu gidan kula da tsofaffi, ƙanensa ya ɗauki alkawarin rabin kuɗin, ya biya wata biyu, ya daina ɗaga waya. Tamaki ya kasa faɗa wa matarsa Fusae cewa ɗan'uwansa ciki ɗaya ne ya yi haka. Sai ya riƙa cin bashi yana ce mata, "Ƙanena ya turo." Kafin tsohuwa ta rasu, wurare huɗu ke binsa.

Ya nemi wani ofishi a Osaka da ke sasanta mai bashi da masu binsa. Aka tsayar da magana: duk wata ya ba su yen dubu arba'in su raba wa huɗun, har shekara biyar. Abu guda ya roƙa, har ya ƙara kuɗi a kansa: kada wata takarda ta je gidansa, a ajiye masa a gidan waya. Fusae ba za ta sani ba.

Shekara biyu bai makara ko kwana ɗaya ba. Ya bar taba, ya ce likita ne ya hana. Mutanen ofishin ne suka manta da biyan ɗaya daga cikin masu binsa wata biyu a jere, mai kuɗi ya ce a biya shi duka yanzu. Suka rubuto sanarwa, suka aiko gida, suka kuma juya lambar ƙofa.

Na manne ambulan da ƙwayar dafaffiyar shinkafa na kai masa rumfa. Na ce, "Tamaki-san, ban karanta ba." Ya dubi shinkafar, kunnuwansa suka yi ja, ya ce ya gode. Tausayi ya kama ni. Daga ranar in ya zo aski sai in ture hannunsa in ce, "Bar kuɗinka, ka fi ni buƙata."

Ya yi ta buga wa ofishin waya lokacin abincin rana. Kullum sabuwar murya, kullum sai ya ɗauko labarin daga tushe, masu jiran takalma suna kallon silin. Shi aka yi wa laifi, amma shi ke rusunawa da waya a kunne yana cewa, "Ku yi haƙuri, na dame ku."

Da ya gaji, ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza ya nufi Osaka. A jirgi ya tsara maganganu masu zafi. A tasha ya tuna ba a shiga wurin mutane hannu rabbana, ya sayi kwalin alewar wake. Manaja na fitowa, Tamaki ya miƙa kwalin da hannu biyu, ya ji bakinsa yana cewa, "Ba wani abin kirki ba ne."

Manaja ya rusuna har ƙasa. "Kuskuren namu ne. Za mu gyara, kuma za mu ba ka haƙuri yadda ya kamata, a rubuce."

Wannan alkawarin kam sun cika shi. Takarda mai kauri, da jan hatimin ofis, da sunayen masu binsa huɗu a jere, kuma lambar ƙofa daidai. Fusae ce ta sa hannu ta karɓa.

Da ya dawo ya tarar da takardar kusa da kwanon shinkafarsa. Fusae ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baban yara, duk ƙarshen shekara ina aika wa ƙanenka tsarabar godiya. Kai kake kai mini ita gidan waya."

Shinkafar ta huce a gabansa. Washegari ta karɓi rasitan da ya ɓoye cikin takalman da masu su ba su dawo karɓa ba, ta tafi Osaka ba alewa, ta dawo da shaidar an biya mai kuɗin an kuma mayar da yarjejeniya yadda take. Tun daga nan ita ke buga musu waya, Tamaki kuwa sai ya fita baranda har ta gama.

Da ya zo aski na ɗaura masa ƙyalle na ce, "Kai dai ka gode wa maƙwabcinka. Mai aski, da baki irin nawa, amma ko uffan ban ce wa kowa ba."

Ya dube ni ta madubi. "Wata uku kana ture mini kuɗi a gaban mutane, wa bai gane ba a layin nan? Su dai biyansu na yi suka tona mini asiri. Kai kyauta ka yi."