Mai Taga da Hotunan da Suka Tsira daga Ambaliya

Haihuwa da tasowa

An haifi marigayiyar da jama'a suka fi sani da laƙabin Mai Taga a shekarar 1948 Miladiyya, a wani gari da ke gaɓar babban kogi. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta kuwa maɗinkiya, kuma ita ce ta uku cikin 'ya'yansu biyar. Tun tana ƙarama aka shaide ta da natsuwa da yawan ƙura wa abu ido, har mahaifiyarta kan ce idan aka aike ta sai an sake aiken wani ya taho da ita.

Karatu da koyon sana'a

Ta shiga makarantar firamare a 1955, ta wuce sakandare, amma jinyar mahaifinta ta sa ta dakata a aji uku. A 1964 kawunta, wanda yake da shagon ɗaukar hoto a bakin kasuwa, ya karɓe ta ya koya mata wanke fim a ɗakin duhu. Wutar lantarki ba ta zama a layin, saboda haka duk ranar da fitilun shagon suka mutu, sai ta zaunar da mai son hoto kusa da babbar tagar da ke kallon tsakar gida, ta rataya farin zane a ɗaya ɓangaren domin ya mayar da haske kan fuska. Da aka ga yadda fuskoki ke fitowa da laushi, sai mutane suka riƙa cewa a kai su wurin yarinyar nan mai taga, sunan kuwa ya bi ta. Ba ta danna kyamara sai ta kawar da duk abin da bai dace ya shiga hoto ba, ta gyara zaman kafaɗa, ta jira gajimare ya gifta, domin a ganinta gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido.

Aure da iyali

A 1970 ta auri wani ma'aikacin gidan waya, mutum mai barkwanci, wanda kan gaya wa abokansa cewa shi kaɗai ne mijin da yake jiran rana ta karkata kafin a kula shi. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Bayan rasuwar kawunta a 1976 ta gaji shagon, ta kuma ci gaba da al'adarsa ta adana nagetif, wato fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, na kowane hoto a cikin gwangwanaye, ko da mai shi bai nema ba.

Shekarar ambaliya

A daminar 1988 kogin ya yi ambaliya, ya cinye unguwannin da ke gangare. Ba a yi asarar rai ba, amma gidaje da dama sun rushe, kuma cikin abin da ruwa ya tafi da shi har da hotunan iyaye da kakanni waɗanda ƙasa ta riga ta rufe wa ido. Shagon ma bai tsira ba. Da ruwa ya janye, ta tarar da gwangwanayen kwance cikin laka, wasu murfinsu ya buɗe, ga kuma maƙwabta sun fara sallama a ƙofa suna tambaya ko za a samu hoton tsohuwarsu ko na ɗansu da ya rasu. Ba ta yi wa kowa alkawari ba, don ita kanta ba ta san abin da ya tsira ba.

Ta kwashe gwangwanayen zuwa gida, ita da mijinta da 'ya'yanta suka riƙa ɗauraye fim ɗin a ruwa mai tsabta, a hankali kamar wankan jariri, suna shanyawa a igiyar shanya cikin inuwa. Da na farko ya bushe, ta ɗaga shi sama ta duba, sai ga fuskar wani tsohon maƙeri, ko gashin gemunsa bai goge ba. An ce sai ta juya ta ce wa mijinta, "Maigida, je ka gaya musu su zo, mutanensu na nan."

Kaɗan ne suka lalace. Ta shafe sauran shekarar tana sake wanke hotuna tana miƙa wa masu su, kuma har yau akwai ɗakuna da yawa a garin da hoton da ke rataye a bangonsu daga igiyar shanyar nan ya fito.

Shekarun manyanta

Mijinta ya rasu a 1999. A 2004 yanar ido ta rufe mata gani har ta daina gane fuska, iyali suka shiga zullumi, amma aka yi mata aiki cikin nasara. Ranar da aka cire mata bandeji, abin da ta fara cewa shi ne a gyara labulen ɗakin, ya karkace. Zuwan kyamarar waya ya rage mata masu zuwa, sai dai ba ta taɓa kushe sabon zamani ba. Ta rufe shagon a 2009, ta koma ɗaukar iyalinta kawai.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa da hantsin wata Laraba a shekarar 2016, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara sittin da takwas. Aka yi mata sutura, aka kai ta makwancinta a maƙabartar da ke kan tudu, kusa da mijinta. Ta bar 'ya'ya huɗu: babban ɗanta injiniyan ruwa, mai bi masa malamar makaranta, na uku direban babbar mota, sai auta ma'aikaciyar jinya, da jikoki goma sha ɗaya. An kuma tarar da fim a cikin kyamararta wanda ba ta kai ga wankewa ba. Auta ta kai shi aka wanke, tana fargabar ya lalace, sai ga shi ya fito tas: jikokin ne, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ta manta. Allah ya jiƙanta da rahama, ya haskaka makwancinta.