Taragan da Ba Su Je Yamai Ba

Har gobe ba zan manta da ranar da Alhaji Sani ya zo duba taragai goma sha biyun da muke kula da su a bayan depo, wato wurin aje jirage, ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku san su ba, saboda haka bari in faro daga tushe.

Sunana Hamisu, ɗan Damagaram ne ni. Karatu ya kawo ni Lyon a farkon shekarun 2000, da na gama na samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai gyaran taragan fasinja, can gefen Vénissieux. Mutane suna zaton kowane jirgi mallakar wanda ke tuƙa shi ne. Ba haka ba ne. Akwai kamfanonin da sana'arsu su sayi taragai su ba da haya na shekaru, kamar mai gida da ɗan haya. Waɗannan goma sha biyun sun daɗe suna jigila, sai wa'adin hayarsu ya cika, masu hayar suka samu sababbi, suka maido tsofaffin. Mai su ba shi da inda zai kai su, sai ya ba mu aikin kula da su kafin a samu mai so.

Mu shida aka ɗora wa aikin, har da shef ɗinmu, wato shugabanmu, wani Bafaranshe mai suna Loran. Tarago bai son zama. In ya daɗe wuri guda birki ya kan cije, batir ya mutu, robar ƙofa ta manne. Don haka duk sati biyu mukan kawo ƙaramin kan jirgi mu ja su 'yan taku, mu hura iska cikin birki, mu buɗe kowace ƙofa mu rufe, mu cike takarda. Shekara biyu muna haka. Muna goge kujerun da ba mai zama, ciyawa tana fitowa tsakanin dogo muna cirewa. Masu saye kan zo da hular kwano, su leƙa ƙarƙashi, su ce za su kira. Ba wanda ya taɓa kira. Aikin bai da nauyi, amma ban taɓa yin wanda ya gajiyar da ni kamarsa ba.

A lokacin da aka fara shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, sai aka kira ni da Loran zuwa buro, wato ofishin mai taragan, a Paris. Muka bi jirgin safe. Darektar da ke kula da cinikin ta tarbe mu da fara'a, ta ce an samu mai so, kuma ɗan ƙasata ne, Alhaji Sani, babban mai motocin sufuri daga Maraɗi. Ni zan yi tafinta, in kuma nuna mishi lafiyar kayan. In ciniki ya faɗa, mu shida za mu samu aikin sabunta taragan na fiye da shekara.

Na ce, "Madam, dogon da ake shimfiɗawa a gida faɗinsa mita ɗaya ne. Na nan ya kusa mita ɗaya da rabi. Ba za su hau ba."

Ta ce, "Wannan aikin injiniyoyinsa ne, Hamisu. Kai abin da aka tambaye ka shi za ka amsa."

A hanyar dawowa ina zaune gefen Loran, har muka kusa Lyon. Ya dubi taga ya ce, "Ka san shekaruna. In aikin taragan nan ya ƙare ba wanda zai ɗauke ni." Bai roƙe ni komai ba. Da ma ya roƙa, da ya fi mini sauƙi.

Alhaji ya zo wata Talata da hantsi, ana yayyafi, ya ɗora kwat mai kauri kan babbar riga. Da ya ji na gaishe shi da Hausa sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi, har ya gano ya san wani ƙanen mahaifina a kasuwar Damagaram. Loran na tsaye da takardu yana jiran mu gama.

Muka shiga tarago na farko. Na kunna fitilu, na nuna mishi ƙofofi, da makewayi, da wurin aje kaya. Ya zauna kan kujera kusa da taga, ya shafa ta, ya miƙe ƙafa. Ya ce shekara arba'in yana harkar mota, direbobinsa nawa ya kai makwanci saboda hanya. Burinsa kafin ya mutu ya ga tsohuwa ta shiga jirgi a Yamai, ta zauna kamar yadda ya zauna, ta sauka ba ciwon baya. Ya ce in dogo ya ƙaru har Maraɗi, yana so a tarar da shi a shirye. Ba injiniya ko ɗaya tare da shi. Wani dillali ne ya haɗa shi da Paris, ya nuna mishi hotuna.

Sai ya juyo ya dube ni.

"Ɗana, bar faransancin nan. Tsakaninka da Allah, in na kai su gida, za su tahi?"

Na dubi Loran. Bai jin Hausa, amma ya daɗe a duniya. Ya sunkuyar da kai kan takardunsa.

Na ce, "Baba, ba za su tafi ba. Ƙafafunsu sun fi dogonmu faɗi. Ana iya canza ƙafafun, amma aiki ne babba, kuma na'urar sanyinsu ba don zafin Afrilu aka yi ta ba. In abu ya lalace, an daina ƙera kayan gyaransa."

Ya juya yana kallon ruwa na gangarowa a gilashi. Can ya ce, "Da ka kame bakinka, sai an sauke su a Kwatano zan gane." Ya tashi da ƙyar, ya yi mini addu'a, ya yi wa Loran godiya da hannu biyu. Bai shiga tarago na biyu ba.

Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya kira ni daga Paris ya yi faɗa. Abin da ya faru ya fi haka shiru. Bayan wata uku mai taragan ya rage aikin kulawa, daga sati biyu zuwa wata uku. Aka bar mu biyu, ni da wani. Biyu aka tura Marseille, ɗaya ya koma dako a kasuwar Rungis, Loran aka ce ya aje aiki kafin lokacinsa. Watanni bai gaishe ni ba. Ranar da ya kwashe kayansa ya miƙo mini hannu ya ce, "An tambaye ka, ka amsa." Har yau ban san ko yafiya ce ko tuni ba. Matata kuwa ta ce na yi daidai, amma ba ita ke cin abincin rana da mutanen nan ba.

Da aka mai da ni wani sashe, taragan suna nan. Wasu sun ce za a kai su wata ƙasa a gabas, wasu sun ce za a yanka su a sayar da ƙarfe. Na daina tambaya.

Abin da nake so ku riƙe, ku matasa, shi ne wannan. A makaranta an koya mana cewa in ka ga birki bai da lafiya kada ka sa hannu a takarda, ko da wa ya matsa maka. Gaskiya ne. Abin da ba a koya mana ba shi ne, wani lokaci kai za ka faɗi gaskiyar, wani ne zai ɗauki nauyinta, kuma wanda kuke shan kafe tare ne kullum. In da za a maimaita ranar, amsar da na ba Alhaji ita zan sake ba shi. Amma kada wanda ya ce muku mutum yakan koma gida da sanyin zuciya. Ni dai a gajiye na koma.