Na'ura Mai Agwagwa

Shekarar da kogin Shari ya cika har ya shiga gidaje na fara koyon karatu, da furfura a gemuna. Iyalina sun koma wajen dangi, ni na zauna saboda aikina a mahautar unguwar Farcha.

A ajin manya akwai tsohuwar kwamfuta. In an kunna ta wani tsuntsu baƙi da fari yake fitowa, muka sa mata suna mai agwagwa. Metir, malaminmu, ya yi dariya ya ce ba agwagwa ba ce, tsuntsun ƙasar ƙanƙara ne, alamar wani tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta da mutane kaɗan ke amfani da shi. Shi kaɗai tsohuwar ke iya ɗauka.

Cikinta akwai wasan haɗa kalmomi na Hausa. A ba ka haruffa, ka gina kalma, wani daga nesa ya ɗora tasa. Wuni nake ina Larabci da masu sayen nama, nan kawai nake ganin harshen gidanmu. Da ɗaliban suka watse saboda ambaliyar, Metir ya bar mini makulli. Bayan la'asar nakan zauna ni kaɗai ina wasa da wani mutumin Maraɗi da ban taɓa jin muryarsa ba. In na daɗe ina neman harafi, yakan jira.

Wata rana wasan ya ƙi buɗewa. Metir ya nemo lambar mai yin sa, na kira.

"Baba, wane tsari kake da shi?" ya tambaye ni.

"Mai agwagwa."

Ya kwashe da dariya. "Ashe kai ne na Chadi! Wallahi na sha ganinka a jerin masu wasan ina cewa wane ne wannan bawan Allah."

"To ɗana, me ya sa ka rufe mana ƙofa?"

Ya ce shi kaɗai yake aikin. Duk gyaran da ya yi wa jama'a sai ya sake yinsa dominmu masu agwagwa, kuma ba mu cika tabarma ɗaya ba. Ya yarda cewa masu irin tsarinmu sun fi kowa iya nuna masa kuskure, har wasan ya gyaru ga kowa. Amma an yi masa haihuwa, barci ma bai ishe shi ba.

"Ka sa a waya mana, Baba."

Wayata mai madannai ce, idona kuma ba ya ganin ƙananan haruffa. Na ce Allah ya raya, muka yi sallama. Ban ga laifinsa ba. Ni ma na daina ajiye wa mutum ɗaya saifa in sauran kasuwa tsoka take so.

Karatun bai gudu ba, ina karanta allunan shaguna. Abin da ya tafi uku ne: wasan da muka bari rabi, zaman bayan la'asar, da mutumin Maraɗi, wanda ban samu na gaya masa dalilin ɓacewata ba.