Wayar da Yaya Hamisu ya hana ni

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana Hamisu, mai gyaran wuta na unguwar Yakite, kuma har yau idan na shaƙi ƙaurin roba a Kasuwar Kilomita Biyar sai gabana ya faɗi. Na daɗe ina barin mutane suna cewa ƙaddara ce. Ƙaddara ce, amma da hannuna a ciki, kuma bana na ga ya kamata in faɗa.

A lokacin ina da ɗan shago mai ƙofar ƙarfe a gefen kasuwa, ina sayar da ruwan sanyi. Firiza ɗaya gare ni, Yaya ne ya ja mini wayarta. Da ciniki ya ɗan buɗe, sai na sayo risho na lantarki don in riƙa soya makala, wato fanke, da safe duk ranar da aka kawo kuran, wato wutar lantarki. Na kira shi ya haɗa mini.

Ya zo da 'yar na'urarsa ta awo, ya jona rishon, ya duba, ya yage gefen kwali ya fara rubutu. Haka yake, ba ya taɓa waya sai ya yi lissafi. Ya nuna mini cewa ƙarfin wutar gari bolt ɗari biyu da ashirin ne, rishon kuma yana jan amfiya goma. Idan aka ninka su, wat dubu biyu da ɗari biyu ke nan, abin da rishon yake ci. Idan kuma aka raba bolt ɗin da amfiya, za a sami ashirin da biyu, wato turjiyar da ke cikin rishon, wadda ita ke sa shi zafi. Ya ce waya ma tana da tata turjiyar, kuma siririya ta fi kauri turjiya, don haka ita ma za ta yi zafi kamar rishon.

"Rabi, wayar nan ta firiza ce kawai," in ji shi. "Amfiya goma ta fi ƙarfinta. Ki bari in samo mai kauri idan motocin Kamaru sun iso."

"Yaya, mako biyu fa ke nan."

"To ki yi mako biyu da gawayi."

Ban yi ba. Washegari na samo wani da bai tambaye ni komai ba, ya murɗa wayoyin ya naɗe su da leda, rishon ya kama. Kwana shida ina suya, ina jin daɗin na fi Yaya dabara.

Rana ta bakwai aka fara ruwa tun da hantsi. Bayan azahar na turo ƙofa don feshin ruwa, ina ciki, sai na ga hayaƙi yana fitowa daga saman ƙofar. Na buga wa Yaya waya. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in hau bencin katako, kada in taɓa ƙarfe ko ɗaya, ga shi nan zuwa. Robar wayar ta narke, tagullar ta kwanta a jikin ƙofa. Maƙwabta sun ce ya iso a guje yana tambayar inda ake yanke wutar layin, sai ya ji tarina daga ciki. Bai jira ba. Ya sa hannu ya tura ƙofar, ƙafafunsa cikin ruwa. Ni ina kan benci, kamar yadda ya ce, ko ƙwarzane ban yi ba. Aka yi masa salla a Masallacin Koudoukou bayan la'asar.

Yanzu kasuwar ta cika da farantai masu ɗaukar hasken rana da batura. Kowane shago yana da nasa, kowa ya zama mai gyaran wuta. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin zai yi murna da hasken, don ya sha wahalar ɗaukewar kuran kamar kowa. Amma zai tsaya a gaban batirin bolt goma sha biyu da ake cewa ba ya kisa, ya tuna wa mai shi cewa kayan wat ɗari da ashirin a kansa amfiya goma suke ja, daidai da rishona, kuma wayar da aka ja masa ba ta fi zaren ɗinki kauri ba. Da yaren Sango zai faɗa, don matasanmu sun fi jin sa, kuma na san yawancinsu za su yi abin da na yi.

Matar Yaya, Maimuna, ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba. Tana gaishe ni, tana aiko mini da abincin salla, amma tun ranar ba ta sake bin layin shagona ba.

Bai bar gida nasa ba, bai bar shago ba. A watan jiya wani dattijo a Yakite ya fasa bangon ɗakinsa zai ƙara gini, ya aiko a kira ni in gani. Wayar da Yaya ya ja masa tun kafin in yi aure tana nan cikin bututunta, mai kauri, robarta ko dusashewa ba ta yi ba. Dattijon ya ce iyalinsa sun kwana a ƙarƙashinta shekara da shekaru ba su taɓa tunawa da ita ba. Na tsaya ina kallonta har ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa ya bar ta yadda take, kada ya bari kowa ya taɓa. Allah ya jiƙan Yaya Hamisu, ni kuma ya yafe mini.