Awa Biyun Nekesa Kafin a Buɗe Ofis

Nekesa shara take yi a wani ofis a tsakiyar Nairobi. Daga unguwarsu Kayole kuɗin motar haya, wato matatu, shilin hamsin ne da asuba, amma gari na wayewa sai ya koma ɗari. Shi ya sa kullum takan iso awa biyu kafin a buɗe ƙofa, ta zauna kan dakali kusa da teburin Mzee Kimotho mai gyaran agogo, wanda shi ma tsadar motar ce ke fito da shi da wuri.

Da farko kallo kawai take yi, daga baya bakinta ya kasa shiru.

"Baba, wannan siririn ƙarfen da ke murɗe a ciki, mene ne aikinsa?"

"Ke 'yar nan, kin fi ɗan sanda tambaya. Ungo gilashin, duba da idonki."

Ta duba kuwa, washegari ta dawo da wata tambayar. Cikin shekara guda ta iya kwance agogo ta mayar. Abin da ta rage na mota ta tara, ta sayi hantsaki da 'yan sukundireba.

Yanzu idon Mzee ya yi rauni, ƙananan agogunan mata ita yake ajiye wa. Har yau tana sharar, sai dai in takwas ta yi, da ƙyar take tashi daga dakalin.